Tambayar da Baba Ya Dawo da Ita daga Bakin Teku

Ranar Talata da hantsi Baba ya rasu, a ɗakinsa na Tudun Wada, ana tsakiyar damina. Kafin azahar zaure ya cika, har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, amma ban taɓa ganin zaman makoki mai shiru irin wannan ba. Mutane sun zo da gaisuwa a bakinsu, suka rasa wadda ta dace da shi.

Maƙwabtansa duk Musulmi ne, Baba kuwa Kirista. Ina daga cikin gida ina jin su ta katanga. Mutum zai durƙusa gaban maigidana ya fara, "Allah ya ji..." sai ya haɗiye sauran, ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Mahaucin da ke bayan gidan ne kaɗai ya yi doguwar magana. Ya ce, "Ni jahili ne, ban san inda za a kai shi ba. Amma tun da muka haɗa katanga, ko akuyata bai taɓa jifa ba." Wani dattijo ya ce masa ya isa haka, ya yi shiru.

Mutanen majami'armu sun zo, ba da yawa ba. Suka zauna gefe guda. Matan suka ɗauki waƙa ɗaya, ba ta yi ƙarfi ba, ta mutu a baiti na biyu. Wata daga cikinsu, wadda ta raka ni ɗakin miji ranar aurena, ta matso ta raɗa mini, "'Yata, ya janye maganar kuwa kafin ya tafi?" Na ce mata bai janye ba. Ta girgiza kai, ta koma wurin zamanta.

Can sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta taho a ƙasa tun daga cikin birni, tana dogara sanda, zanenta duk ya jiƙe da yayyafi. Ba ta gai da kowa ba. Ta tarar maigidana ya harhaɗa akwatin gawa da ragowar katakon da ke rumfar kafintar Baba, kusurwa ɗaya a karkace, irin aikin da Baba da ransa zai sa a warware. Ta ce, "A cikin wannan za ku sa shi, kamar kayan Bature? Ku buɗe in ga fuskarsa." Aka buɗe mata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗan'uwana, ka wahalar da ni." Ta juya wajen zaure inda maza suke, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Allah ya jiƙanka. Na faɗa. Wanda zai hana ni ya taso ya hana." Ba wanda ya taso.

Surukina, uban maigidana, shi ne malamin majami'armu, Malam kowa yake ce masa. Shi ya yi addu'a a bakin kabari. Ya karanta abin da ake karantawa, bai ƙara kalma ɗaya a kan mamacin ba, alhali rana ɗaya aka yi musu baftisma a kogi ɗaya.

Na iya rubutun boko, Baba ne ya zaunar da ni na koya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. In na yi shiru, abin da jikokinsa za su ji ke nan, wai kakansu ya je yaƙi ya dawo a rikice. Ni na zauna da shi, na san ba haka ba ne.

Baba ɗan gidan malamai ne a cikin birni. Yadda ya zama Kirista bai taɓa jan labarin ba. In an matsa masa sai ya ce, "Na ji kira, na amsa." Mahaifinsa ya rufe masa ƙofa, bai sake buɗewa ba har ya bar duniya. 'Yan mishan suka koya masa kafinta. Da aka fara yanka filaye a Tudun Wada ya karɓi ɗaya, ya ce birni ya ƙi shi, unguwar mishan kuma ta yi masa ƙunci. Ya yi rumfa a gindin durumin ƙofar gida, nan yake aiki daga safe har la'asar.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai "Uwata". Ba ya wuce katako bai shafa shi da babban yatsa ba, ko ƙofar gidan mutane ce. Ba ya son a yi masa godiya, in ka fara sai ya sunkuya ya hau neman ƙusa a ƙasa. Bayan dawowarsa daga yaƙi wasu halaye suka ƙaru. Yana tuɓe takalmi a bakin majami'a, alhali sauran maza da nasu suke shiga. In muna tafiya ya hango hayaƙin mai tsire, sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya, ya rufe hanci da hannun riga. Kuma ya daina cewa "tabbas". Kome ka tambaye shi, daga ruwan sama har zancen lahira, amsarsa, "Ban ga ƙarshensa ba."

Lokacin da Turawa suka kwashi mutane zuwa yaƙinsu da Jamus, Baba ya tafi cikin masu ɗaukar amuku, wato ƙyallen da ake ratayawa a gora a ɗauki wanda aka harba. Aka sa su a jirgin ruwa, aka zagaya da su can gabas, ƙasar da ake Suwahili. Kusan shekara biyu ba labari. Ana sauran 'yan makonni ya iso, annobar murar nan da ta share gari ta ɗauke Inna. Gwaggo ce ta zo ta zauna da ni. Ranar da ya dawo ina tsakar gida ina tankaɗe, na ga wani dogon mutum ƙashi da fata a bakin zaure. Ya dubi igiyar shanya, ya dubi murhu, ya ce, "Uwata, ina uwarki?" Gwaggo ta fito ta ce masa, "Zauna tukuna." Bai zauna ba. Ya ajiye ƙunshinsa, ya ce a nuna masa wurin.

Mu biyu muka rage a gidan. A watannin nan ne ya ba ni labarin, kaɗan kaɗan, yana aiki ina tsince shinkafa a gefen rumfa.

Ya ce bayan an gama faɗa aka zube su a wani gari na bakin teku, suna jiran jirgi. Atini, wato gudawa mai jini, ya cinye shi, abincin sansani kuwa ba ya zama a cikinsa. Wata rana yana jan ƙafa a kasuwa ya ji ƙarar zarto. Ya bi ƙarar, ya tarar da wani tsohon Ba'indiye, da rawani da farin gemu har ƙirji, da munduwar ƙarfe a hannu, yana haɗa taga. Baba ya tsaya kallo. Da ya ga katakon yana zamewa sai ya kama masa ɗaya bakin. Tsohon ya dube shi, ya dubi yadda ya riƙe, ya miƙa masa zarton.

"Ba mu da harshe ɗaya, Uwata, sai 'yar Suwahilin da kowa ya tsinta. Sunansa ma ya faɗa mini sau uku, bakina ya kasa. Tsoho nake ce masa. Da rana ta take ya ga hannuna na rawa, ya taɓa cikina, ya ce in biyo shi."

Tsoho ɗan Sik ne, wata al'umma ce cikin Indiyawa, mazansu ba sa aski. Ɗakin ibadarsu ya kai shi. A bakin ƙofa aka sa ya tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa, aka ɗaura masa ƙyalle a ka. Ya shiga gabansa na faɗuwa, don an gaya musu duk mutanen Indiya gunki suke bauta wa. Ya duba ko'ina bai ga gunki ba. Wani babban littafi ne a kan gado ƙarƙashin alfarwa, mutum na tsaye yana yi masa fifita da izga, wasu na rera karatu da ɗan kiɗa. Daga nan aka fito tsakar gida, aka zauna a ƙasa layi layi. Mai kanti da ɗan dako da soja mai igiya uku, gwiwa na gogar gwiwa. Aka bi su da gurasa mai zafi da miyar wake. Wanda ya zuba masa, daga baya ya gane shi ne mai babban kantin garin.

"Ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne. Baƙar fata ne ni, ga warin ciwo a jikina. Na tara hannu biyu aka sa mini gurasa. Ina ci hawaye na zuba a miyar. Kwana nawa na koma, ban ƙirga ba. Abincin nan ne ya tashe ni."

Ɗakin ibadar Hindu kuwa aiki ne ya kai shi. Ƙofarsu ta lalace, aka kira Tsoho, Baba ya ɗaukar masa kaya. Ya ce can ya ga abin da aka faɗa masa, har ya fi. Gumaka masu hannu da yawa, wani da kan giwa, an rataya musu furanni, fitilu na ci da rana tsaka, ana kaɗa ƙararrawa, turaren wuta ya toshe numfashi. Ya kafa ido a kan ƙofar da yake gyara, yana kiran sunan Almasihu a zuci. Da suka gama, mai kula da wurin ya zo da fara'a ya ɗiga masa jan abu a goshi. Baba ya sa hannun riga ya goge nan take, a gaban mutumin.

"Har gobe ban yarda da gunki ba, kuma ko yau aka ɗiga mini zan goge. Amma da na bari na fita tukuna. Na ga yadda fuskarsa ta faɗi. Alheri ya nufa."

Ya ce su ma suna da nasu abin kunyar. Ya ga masu shara a tsaye can waje, ba a bari su taka ko dokin ƙofa. Amma abin da ya bi shi har gida wata tsohuwa ce. Tana durƙushe gaban ɗaya daga cikin gumakan, ta rungume rigar soja, tana kuka tana maimaita kalma ɗaya. Tsoho ya nuna masa da hannu cewa ɗanta ne bai dawo ba.

"Irin kukan da uwata ta yi ranar da na bar gida, shi ne sak. Na ce a raina, dutsen nan ba ya ji, wannan na sani. To amma Wanda ya yi kunne fa? Yana nan, yana jin ta. Zai toshe kunnensa ne don ta fuskanci inda ba daidai ba?"

Annobar ta iso garin kafin jirgi ya iso. Kwana huɗu ta yi wa Tsoho ta ɗauke shi. Mutanensa ƙona gawa suke yi. Baba ya kwaso guntayen katako daga rumfar Tsoho, ya bi su har bakin ruwa, ya tsaya daga nesa har wutar ta cinye. Tun ranar bai sake cin gasasshen nama ba.

Shekaru suka wuce bai faɗa wa kowa wannan ba sai ni. Yana zuwa majami'a, shi ke karatu ranar Lahadi, don muryarsa ta fi ta kowa fita. Ya aurar da ni ga ɗan amininsa, kowa ya yi murna, ni ma na yi. Sai wata Lahadi Malam ya yi wa'azi a kan waɗanda suka mutu ba su karɓi Almasihu ba. Ya yi shi da zafi, ya ce ƙofa ɗaya ce, wanda bai bi ta ba wuta ce makomarsa, ko ya ciyar da duniya duka. Ina zaune cikin mata da goyon fari, na ga Baba ya miƙe.

Ya ce, "Malam, ina da tambaya."

"Ɗan'uwa, bari a tashi."

"A nan aka faɗa, a nan zan tambaya. Wani mutum ya tsince ni ina mutuwa a ƙasar da ban san kowa ba. Ya kai ni ɗakin ibadarsu, aka ciyar da ni har na tashi. Bai san Almasihu ba, ba wanda ya taɓa gaya masa da harshen da zai ji. Yana ina yanzu?"

Wani daga baya ya ce, "Ɗakin ibadarsu ka shiga?"

Malam ya ce, "Ka san amsar. Ba ni na rubuta ba."

"Faɗa mini da bakinka."

Malam ya dafa teburi ya ce, "Yana cikin wuta."

Baba ya ce, "Wutar da aka ƙona shi da ita na gani, ni na kai itacen. Waccan kuwa ban gani ba, kai ma ba ka gani ba. Ni ba zan iya cewa amin a kan wannan ba."

Dattawa suka zauna a kansa cikin makon. Suka tambaye shi ko ya rusuna wa gunki, ya ce a'a. Ko ya ci abin da aka miƙa wa gumaka, ya ce abin da ya ci gurasa ce da wake, kuma da bai ci ba da ba su same shi a nan suna tuhuma ba. Suka ce ya tashi gaban jama'a ya janye maganarsa. Ya ce tambaya ya yi, a ba shi amsar da zuciyarsa za ta ɗauka, ya janye. Aka karɓe karatu daga hannunsa, aka hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a ibada, har sai ya tuba.

Mutane sun zaci zai daina zuwa, ko ya koma addinin gidansu. Gwaggo ma ta sa rai, har ta aiko masa da sabon buzun salla. Ya mayar mata da godiya. Kowace Lahadi yana nan a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. In an zo rabon gurasa da ƙoƙo sai ya sunkuyar da kai har a gama. Na taɓa ce masa, "Baba, me ya sa kake zuwa ana wulaƙanta ka?" Ya ce, "Uwata, ban bar Almasihu ba. Shi na kira lokacin da harsashi ke wuce kunnena, shi zan kira ranar da zan mutu. Da can na zaci na san Allah kamar zauren gidana, tsawonsa da faɗinsa. Yanzu na ga ko bakin ƙofar ban gama gani ba. Wannan ne laifina."

Wani abu kuma yana cinsa. Ya ce an koya mana Almasihu ya ci abinci da waɗanda ake ƙyama, amma sai a wurin mutanen da ba su san shi ba ya ga ana yi. "Mu kuwa Bature na gaba a kujera mai hannu, malamai a benci, lebura a ƙasa. Kuma ni na sassaƙa kujerun, kowa da tsawon tasa."

Daga nan ya fara dafa abincin Lahadi. In an tashi daga majami'a sai ya ɗora babbar tukunya a gindin durumi, dafa-dukar wake da shinkafa, shi da kansa, namiji a bakin murhu, mata na leƙe ta katanga suna dariya. Ya shimfiɗa tabarmi doguwa. Sharaɗinsa ɗaya, kowa a ƙasa, layi ɗaya. Leburorin hanyar jirgi suka riƙa zuwa, da fataken da suka sauka a unguwa, da mahaucin bayan gida. Ran nan wata kuturwa ta tsaya daga nesa da ƙwaryarta, tana jiran a zubo mata. Baba ya ce ta zo ta zauna. Ta ce, "Rufa mini asiri, maigida, daga nan ma ya isa." Ya ɗauki akushinsa ya je ya zauna kusa da ita, ya ce to layin ya dawo nan. Mutum uku suka tashi suka bar abincinsu. Washegari ya ga sandarta ta tsage, ya sassaƙa mata sabuwa mai faɗin kai, yadda dungulmin hannunta zai iya dafawa.

Abin bai yi wa kowa daɗi ba. A majami'a aka ce ya kawo al'adar arna. A unguwa aka ce dabara ce ta jan mutane zuwa mishan, har mai unguwa ya kira shi ya ja masa kunne. Masu zuwa suka yi ta raguwa. A ƙarshe sai shi da kuturwar da mahauci, tukunyar ma ta koma ƙarama. Bai fasa ba sai da ƙafafunsa suka kumbura.

Yanzu sai nawa laifin, don ban ɗauki alƙalami in wanke kaina ba. Maigidana ya ce in rage zuwa Tudun Wada, mutane na magana, kuma gidan Malam muke zaune. Ragewa ya ce. Ni na daina gaba ɗaya. Ina jin haushin Baba a lokacin. Ina ganin da ya yi shiru kamar kowa, da ban zama abin nuni a wurin ɗiban ruwa ba. Ranar Lahadi sai in fita ta ƙofar mata don kada mu haɗu.

Da 'yata ta fara zama, ya yi mata 'yar kujera, ya goge ta sumul, ya ɗauko a ka tun daga Tudun Wada. Aka ce ana sallama da ni. Na fito na gan shi a rana, gumi ya jiƙa masa riga. Na durƙusa na gaishe shi, na karɓi kujerar. Ya ɗan leƙa bayana ya ce, "Tana barci ne?" Na ce e. Ba barci take ba, ina jin ƙiriniyarta daga tsakar gida, shi ma yana ji. Ya ce, "To, a shafa mini kanta." Ko ruwa ban kawo masa ba. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya, yana ɗingisa ƙafar hagu, har ya sha kwana. Shekara uku ban taka gidansa ba bayan wannan.

Mahaucin ne ya zo ya gaya mini Baba ya kwanta. Ban nemi izinin kowa ba, na ɗauki mayafi. Na same shi a kan gadon kara, ciki ya kumbura, ido ya faɗa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Uwata, kunun nan da kike yi da tsamiya, har yanzu kin iya?" Iyakar abin da ya bari na faɗa ke nan. Kwana shida na yi ina jinyarsa.

Ana jibi zai rasu, da la'asar, Malam ya zo. Yana riƙe da 'yar jakar da ake sa gurasa da ƙoƙo in za a kai wa majinyaci. Na shimfiɗa masa tabarma na koma bakin ƙofa. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Har suka tuna ranar baftismarsu, yadda santsi ya kwashi Baturen mishan ya faɗa ruwa da rigarsa, suka yi dariya, dariyar ta zame wa Baba tari.

Sannan Malam ya ce, "Ɗan'uwa, na zo da shi. Kalma ɗaya za ka faɗa. Ba sai gaban jama'a ba, ni kaɗai na isa shaida."

Baba ya dubi jakar. Na ga yadda ya dube ta, kamar mai ƙishirwa ya hango randa. Ya ce, "Ina so, Malam. Allah ya sani ina so. Shekara nawa ina kallo ana ba wasu."

"To faɗa."

"In ce mutumin nan yana wuta?"

"Ka ce ka yarda da abin da aka koya mana."

Baba ya rufe ido. Ya ce, "Jibi ko gata zan tsaya gaban Almasihu. In na yi kuskure zai gaya mini, in ba shi haƙuri. Amma ba zan je masa da ƙarya a bakina ba."

Jakar na kan cinyar Malam. Na ga yatsunsa sun kama igiyar bakinta, na ce a raina zai kwance. Sai ya miƙe, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita da ita a rufe. Baba ya juya fuska wajen bango. Da na zo gyara masa mayafi na tarar matashin ya jiƙe.

Bayan an share makoki na koma gidan miji. Tsakanina da surukina sai gaisuwa, dama suruka ba ta da ta cewa. Ni ke kai masa abincin rana a zaure, in durƙusa in ajiye in fita, ba na ɗaga ido. Haka har aka yi girbi.

Wata rana na ajiye akushi zan tashi, sai ya ce, "'Yata, dakata." Bai juyo ba, yana fuskantar bango. Ya ce, "Uwata ma ba ta karɓi baftisma ba. Ita ta sayar da awakinta ta yi mini magani ina yaro. Ranar da ubanki ya miƙe a majami'a, ita na gani a gabana."

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ni gidan. Ranar na mayar. Na ce, "To, Baba, me ya hana ka kwance jakar?"

Can ya ce, "Mu kaɗan ne. Mutanen nan sun bar gidajen iyayensu, an tsine wa wasu, an raba wasu da 'ya'yansu, duk a kan abin da na gaya musu. In na tashi yau na ce ban sani ba, me zan ce sun bar gida dominsa?" Ya ce, "Ubanki ya iya ɗaukar tambayar. Ni ban iya ba. Ɗauke tuwon nan, ba zan ci ba."

Na ɗauke. Ban gaya wa maigidana ba, ban gaya wa kowa ba sai takardar nan.

Ranar Lahadi Malam ya hau ya yi wa'azi kamar kullum, ko gargada babu. Na zauna cikin mata na saurara har ƙarshe, da aka ce amin na ce amin tare da kowa. Amma ba wa'azin nake amsa wa ba. Baba nake roƙa wa jinƙai, shi da wani tsoho mai rawani da ban taɓa gani ba, ban kuma san sunansa ba.